Shekarar da Malam Ya Riƙe Mini Alƙalami

'Yata Sadiya ce ta sa na zauna rubuta wannan babi. Ta kira ni kwanan baya daga Kaduna tana tambayar irin kayan karatun da za ta nema, domin ita ma ta ɗaura niyyar rubuta jarrabawar da na rubuta, babbar jarrabawar nan ta masu haɗa kwamfutoci su yi magana da juna, wadda takardarta ke rataye a falo kusa da agogo. Kafin in buɗe baki sai ta ƙara da cewa ita ba ta so a yi mata irin abin da Nasiru ya yi mini. Na ce wane abu ke nan? Ta ce ai kowa ya sani a gidan nan, shi ya bi ta bayan fage ya karɓe kujerar da ta kamata ta zama tawa, aka jefa ni Argungu. Na tambaye ta inda ta ji, ta ce a wurin Goggonku. To, Goggonku ƙanwata ce kuma ina sonta, amma ba ta taɓa taka ƙafa a ofishinmu ba, kuma labari in ya kwana biyu a hannunta yakan yi ƙiba. Saboda haka ku saurara, ke Sadiya da ƙannenki. Nasiru bai cuce ni ba, ni na kai kaina Argungu, kuma ga yadda aka yi.

A lokacin na ɗan haura arba'in, ina aiki a sashen kwamfuta na wata ma'aikatar gwamnati a nan Birnin Kebbi. Mu biyu ne a sashen, ni da Nasiru, wanda na girme shi a shekaru na kuma riga shi shiga aiki. Aikinmu bai wuce jan waya daga ofis zuwa ofis ba, da gyaran firinta, da lallashin manya in sun manta lambar sirrinsu suna zargin kwamfuta. Sai aka yanke shawarar haɗa hedikwata da ƙananan ofisoshinmu na waje, a buɗe sabon sashe da shugabansa. Darakta ya kira mu ya yi mana bayani a tsaye, domin shi ba mutum ne mai ce wa na ƙasa ya zauna ba. Ma'aikata ta biya wa kowannenmu zama ɗaya na jarrabawar, a Abuja, nan da wata biyu. Wanda ya kawo takarda shi ne shugaba, ya zauna Birnin Kebbi, ɗayan kuma a tura shi ofishin Argungu ya riƙe wancan ɓangare. In mun ci mu biyu, ni ne babba, kujera tawa ce. Kun ga ke nan abin a hannuna yake, ba wanda zai iya ƙwace shi sai in ni na saki.

Ba kujerar kaɗai nake so ba. Kakanku, wanda duk muke kira Malam har mu 'ya'yansa, ya dawo gidanmu na unguwar Badariya da zama tun bayan rasuwar kakarku. Ƙafafunsa sun fara kumbura, numfashinsa yakan yi sama in ya yi 'yar tafiya, kuma ni nake kai shi asibiti, ni nake kama hannunsa zuwa masallaci. Argungu ba ta da nisa, tafiyar sa'a guda ce ko ƙasa da haka, amma mai riƙe da ofishin can dole ya kwana can daga Litinin zuwa Juma'a. Wannan shi ne abin da ke raina, kuma ban faɗa wa Malam sharaɗin Darakta ba. Na ce masa jarrabawa ce kawai ta ƙarin girma.

Kayan karatu iri uku ne a gabanmu. Akwai babban littafi juzu'i biyu, wanda masu shirya jarrabawar suka yarda da shi, da sunan marubutansa a bango, kowane juzu'i ya isa a yi matashi da shi. Akwai tsofaffin rautoci uku a sito, waɗanda aka cire aka ajiye. Rauta wani akwati ne mai faɗi, aikinsa kamar na mai ba da hannu a mararraba: saƙo ya zo, shi zai ce masa bi nan ko bi can. Wanda ke son ya iya aikin da gaske, a kansu yake gwada abin da ya karanta. Na uku shi ne abin da muka sa wa suna kundin Legas. Nasiru ya samo shi a filashi daga wani abokinsa na Legas, ya buga mana kwafi biyu a firintar ofis, ya miƙo mini nawa tun da ɗuminsa. Tambayoyi ne ɗari huɗu da wani abu, waɗanda mutanen da suka shiga jarrabawar suka fito da su a ka, wani ya tara, wani kuma ya sa amsa a ƙarƙashin kowace. A lokacin ba wanda ke kiran abin sata a cikinmu, ni ma ban kira shi haka ba, sai daga baya.

Nasiru ya ce da ni, “Oga, littahin ga ba ya ƙarewa cikin wata biyu. Wanga shi na hanya. Duk wanda nis sani yac ci, da shi yac ci. Kai da Allah ya ba kai, mi za ka tsoro?”

Gaskiyarsa, kuma ya sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Na tashi a zauren Malam, inda yaro ke wanke allo da safe ya biya da yamma. Hadda ita ce abin da nake taƙama da shi tun ina ƙarami, in na karanta shafi sau uku ya zauna ke nan. Na jingine juzu'i biyun nan a kan durowa, na rungumi kundin Legas. Cikin kwana goma sha biyu na haddace shi tas. In Innarku ta karanto rabin layin farko na tambaya, sai in ƙarasa mata in faɗi amsa, har in gaya mata ko a saman shafi take ko a ƙasa. Ina jin kaina a sama ƙwarai a kwanakin nan, har tausayin Nasiru nake ji in na gan shi yana fama da nasa.

Wata ranar Alhamis bayan la'asar ina zaune a tsakar gida da kundin a cinya, ina bita. Ban lura ba ashe jikina yana kaɗawa gaba da baya, muryata kuma ta ɗauki karin tilawa, abin da aka saba da shi tun yarinta. Malam yana kan tabarmarsa a gindin darbejiya yana jan carbi. Ya daɗe yana kallona kafin ya yi magana.

“Bello, mi kaka biyawa haka?”

Na ce, “Karatun jarrabawa na, Malam.”

“Kawo in gani.”

Malam bai iya boko ba, ko harafi ɗaya. Amma ya karɓi kundin ya juya shi kamar yadda yake yi wa kowane littafi, ya duba farkonsa, ya duba ƙarshensa, ya sake komawa farko.

“Wa yar rubuta shi?”

Na ce ba a sani ba.

“To wurin wa anka ɗauko shi?”

Na ce wurin wani abokin Nasiru a Legas.

“Shi koma wurin wa yaɗ ɗauka?”

Na ce ban sani ba.

“An yi mashi muƙabala?”

Dole in tsaya nan in yi muku bayani, domin ku muƙabalar da kuka sani ita ce malamai biyu su zauna gaban jama'a su yi ta ja-in-ja. A gidanmu ba haka kalmar take ba. Malam da hannunsa ya kwafi yawancin littattafansa, kamar yadda mahaifinsa ya yi. In mutum ya gama kwafe littafi, ba ya karantar da shi, ba ya ma dogara da shi, sai an zauna mutum biyu, ɗaya riƙe da asali ɗaya riƙe da kwafi. Wannan ya karanta, wancan ya bi da ido. Inda suka dace a sa alama a gefe, haruffa biyu na Larabci da ake karantawa “sahha”, wato ya inganta. Inda suka saɓa a gyara a gefen shafi. Na ga Malam ya yi wata uku yana wannan aiki a kan littafi guda da wani abokinsa daga Gwandu. A wurinsa kwafin da ba a yi wa haka ba takarda ce kawai mai tawada.

Na yi dariya na ce, “Malam, wanga ba irin wancan karatu na ba. Ba shi da asali da za a gwada shi da shi.”

Ya ce, “Babu abin da anka rubuta da ba shi da asali. Maganar mi shika yi?”

Na ce maganar wasu na'urori ce, yadda suke tura saƙo.

“To na'urar ita ta asali. Akwai ta garin ga?”

Na so in ce babu. Amma Innarku tana bakin murhu tana jinmu, kuma ta san da zancen rautocin sito, domin ni na ba ta labari. Ta ɗago ta kafa mini ido. Na ce akwai.

Washegari na sa hannu a takardar sito na ɗauko su a keke napep, na jera su a kan teburin cin abinci. In aka kunna su uku fankokinsu sukan yi ƙugi kamar injin ban-ruwa a fadama, ga zafin bazara, ga wuta da ke zuwa in ta ga dama. Niyyata in gwada tambaya biyar ko shida a gaban Malam, ya ga sun dace, hankalinsa ya kwanta, in mayar da kayan mutane. Muka raba aiki. Innarku, da yake malamar lissafi ce kuma Turancinta ya fi nawa tsabta, ita ke riƙe da kundin tana karantawa. Ni ina kan na'ura. Malam kuma ya sa aka ɗauko masa alƙalaminsa na kara da kurtun tawada, ya ce shi zai sa alama.

Tambayar da Innarku ta buɗo mai sauƙin faɗa ce. Rautoci uku a haɗe. Saƙo zai tashi daga na farko zuwa na uku, kuma hanya biyu ce, ko ya tafi kai tsaye, ko ya ratsa ta na biyu. An ba da yadda aka saita kowanne, aka ce wace hanya zai bi? Tun ba ta rufe baki ba na ce kai tsaye, amsa ta biyu, shafi na tara daga ƙasa. Malam ya ce to, a tambayi asali.

Kwana huɗu na yi ban tambayi asali ba, domin na kasa sa rautocin nan su ko gaisa da juna. Haka muke cewa in na'ura ta gane maƙwabciyarta. Na san kalmomin da ake rubuta musu, suna kaina kamar Fatiha, amma ban san wanne ke gaba da wanne ba, ban san abin da zan duba in abu ya ƙi ba. Kullum da yamma sai in zauna ina zufa ina buga abu ɗaya sau goma, Malam yana gefe da alƙalami a hannu, tawada tana bushewa a bakinsa yana sake tsomawa. Bai taɓa cewa uffan ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. A rana ta uku na sauko da juzu'in farko daga kan durowa, na kaɗe ƙurarsa, na nemo babin na karanta shi daga farko kamar ɗan aji ɗaya. A rana ta huɗu suka gaisa. Na tura saƙon, na bi sawunsa, sai ga shi ya ratsa ta na biyu.

Na sake turawa. Na kashe na kunna na sake. Ta na biyu dai yake bi. Na koma littafi, littafi ya ce ta na biyun zai bi, ya kuma faɗi dalili.

Malam ya ce, “Ƙaƙa?”

Na ce, “Sun saɓa.”

Ya ce da Innarku, “Ɗiyata, nuna min wurin.” Ta matso ta durƙusa ta ɗora yatsa. Ya ja ɗan siririn layi a kan amsar, ya ce ta rubuta daidai a gefe. Sannan ya ce a karanto ta gaba.

Kunya na ji, irin wadda ban ji ba tun ina yaro. Ba kuskuren kundin ne ya dame ni ba. A makonni biyun da suka biyo mun gwada tambaya wajen arba'in, yawancinsu kuma sun dace, Malam ya yi ta jera “sahha” a gefe, tawadarsa tana ɗan nashewa a takardar firinta. Kurakuran ba su kai su kayar da mutum a jarrabawa ba, wannan na san shi sarai. Abin da ya tsaya mini shi ne kwana huɗun nan. Takardar da zan je in karɓo cewa za ta yi ni ƙwararre ne, a danƙa mini ofisoshin ma'aikata gaba ɗaya, alhali akwati uku a kan teburin cin abincina sun gagare ni. A zauren da na tashi, malami ba ya ba ɗalibi izinin karantar da littafi sai ya saurare shi daga bango zuwa bango. Na ga manyan mutane masu furfura sun yi shekaru suna jiran wannan izini, ba su ce an zalunce su ba.

Saura kwana goma tafiya Abuja na faɗa wa Innarku cewa zan ɗaga jarrabawar. Muna ɗaki, tana ninke wanki. Ta ajiye rigar da ke hannunta.

“Injiniya,” haka take kirana in abin ya kai mata wuya, “kai dai ka tahi ka rubuta. Abin ga shina kanka dut. Ka ci, ka dawo, ka zauna ka koya har ka gaji, na'urorin ga ba gudu za su yi ba.”

Na ce in na ci da hadda, ba zan iya kallon takardar ba.

Ta ce, “Sai ka sa ta cikin akwati, kak ka kalle ta. Ni Argungu anka haihe ni, na san hanyar nan, na san abin da aka cewa sa'a guda. Baba hwa? Wa za shi kai shi asibiti ran Talata?”

Na ce wata shida ne kawai, in na ci zan nemi a dawo da ni.

“Ka gaya mashi abin da Darakta yac ce?”

Na ce a'a.

“To ka gaya mashi. In shi yac ce ka ɗaga, ba ni ƙara magana.”

Ban gaya masa ba. Na san abin da zai ce, ko kuma ina tsoron abin da zai ce, har yau ban tantance ba. In ya ce in tafi in rubuta, na sa dattijo ya karya ƙa'idar da ya rayu a kanta saboda ƙafafunsa. In ya ce in ɗaga, na ɗora masa nauyin abin da zai biyo baya. Haka na gaya wa kaina a lokacin. Yanzu da na tsufa ina ganin akwai girman kai a ciki, da yawa ma. Ina so ranar da zan kawo takardar in iya cewa an yi mata muƙabala. Innarku ta fi ni gaskiya a ranar, ban kuma taɓa faɗa mata haka da baki ba, sai yanzu da za ta karanta.

Na shiga wurin Darakta na faɗa masa. Ya dube ni kamar wanda ya ce zai yi murabus ya koma kamun kifi. Nasiru ya biyo ni har bakin babur yana roƙona.

“Oga, don Allah mu tahi tare. In munka ci mu biyu kai na shugaba, ni ban da matsala da Argungu, ban da tsoho a gida. Mi ya sa kaka yi ma kanka haka?”

Ku riƙe wannan magana, domin ita ce Goggonku ba ta sani ba. Ya tafi Abuja shi kaɗai, ya ci, ya dawo, aka ba shi kujera. Bai roƙi kowa ba, bai kai sunana ko'ina ba. Kuma kada ku zaci zan ce muku aikin ya gagare shi daga baya. Ya sha wuya a shekarar farko, yakan kira ni a waya mu warware abu tare, amma yaro ne mai naci, ya koya a kan aiki kamar yadda Innarku ta ce in yi, ya riƙe sashen shekara tara lafiya lau.

Sai da takardar canjin wurin aiki ta fito Malam ya ji. Na karanta masa ita da Hausa a gindin darbejiya. Ya ajiye carbinsa.

“Tun hwarko ka san da haka?”

Na ce na sani.

“Kuma ba ka hwaɗa min ba.”

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, “Ni littahi nic ce a gwada, Bello. Ban ce a gwada ni ba.” Sannan ya ce, “To, an riga an yi. Asabar kana gida ko? A aje alƙalamin nan wurin da ba a taɓa shi.”

Haka muka koma. Litinin da sassafe in kama hanyar Argungu, Juma'a bayan masallaci in dawo. A can ina kwana a wani ɗaki a gidan wan Innarku, mutanen kirki, kullum da kifi a tuwona har na fara mafarkin miyar kuka tsura. Na tafi da juzu'i biyun, ina karanta babi in yi aikinsa a kan na'urorin ofis in an tashi. Asabar da hantsi kuma mu zauna mu uku a kan kundin. A lokacin na daina kallonsa a matsayin abin da zan shiga jarrabawa da shi, ya zama dalilin zama da Malam kawai. Shi ma ina jin haka ya ɗauke shi. Ya fara gane ƙarar fankokin, in ɗaya ta canja sai ya ce na tsakiyar nan ba shi da lafiya yau. Ranar Talata Innarku ke neman izini a makaranta ta kai shi asibiti a keke napep, in kuma ta kasa, Nasiru ke zuwa da motarsa.

A wata na huɗu, wata ranar Laraba, na tafi Augie duba wata waya da ta yanke a ƙaramin ofishinmu na can. Damina ce, hanya ta lalace, muka bar mota muka hau babur ta cikin gonakin shinkafa, kuma a wajen nan waya ba ta kamawa. Malam ya rasu da hantsi, a kan tabarmarsa, Innarku tana makaranta aka kira ta. Ta yi ta neman wayata ba ta shiga. Ta kira Nasiru. Shi ya bar ofis ya zo gida, shi ya sanar da dangi da ɗaliban Malam na cikin gari, shi ya tura direban ma'aikata Argungu, daga can aka ce masa ina Augie, ya bi ni. An jira ni har bayan azahar. Hadari ya haɗo, manya suka ce ba a ajiye mamaci saboda mai tafiya, kuma gaskiyarsu. Na iso Badariya na tarar da mutane suna dawowa daga maƙabarta, Nasiru yana cikinsu da laka har gwiwa, domin shi ya shiga kabarin a madadina.

Na rubuta jarrabawar a shekarar da ta biyo, na ci. A lokacin an sabunta tambayoyin, ko ɗaya daga cikin na kundin ban gani ba, kuma ban buƙace su ba. Na kawo takardar gida, Innarku ta sa aka yi mata gilashi ta rataye. Ban ji daɗin da na zaci zan ji ba. Shekara biyar na ƙara a Argungu kafin a dawo da ni, a ƙarƙashin Nasiru, wanda har ya bar aiki bai daina ce mini Oga ba. In kun haɗu da shi ku durƙusa ku gaishe shi.

To, Sadiya, ga amsar tambayarki. Ki nemi littafin da aka san wanda ya rubuta shi, kuma ki tabbatar na jarrabawar bana ne ba ta shekarun baya ba. Ki nemi inda za ki gwada da hannunki, yanzu ma an sauƙaƙa muku, ana iya kunna rautoci goma a cikin kwamfuta ɗaya ba ƙugi ba zufa. Tambayoyin gwaji kuma ki ɗauki waɗanda aka rubuta don koyo, masu faɗin dalilin kowace amsa, ki bar waɗanda aka sato daga ɗakin jarrabawa. Wannan ita ce shawarata ta aiki, kuma ina tsaye a kanta. Amma in abin ya zo ya haɗa da wani mutum, ki faɗa masa gaskiya ya zaɓa tare da ke. Wannan ne ban yi ba.

Kundin Legas yana nan a akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona, tare da littattafan Malam. In kun buɗe za ku ga hannunsa a gefen shafuka har zuwa tambaya ta ɗari da sittin da biyu. Asabar ɗin ƙarshe Innarku ta karanto ta gaba, sai ya ce ya gaji, a bar ta sai wani mako. Na gwada ta ni kaɗai a Argungu bayan an yi sadakar arba'in, amsar daidai ce. Ban sa mata alama ba, domin mai gwadawa ba shi ke sa wa kansa ba.

In kin zo hutu ki taho da kwamfutarki da tambayoyinki. Innarki ta ce idonta bai mutu ba, za ta karanta. Alƙalamin yana nan inda ya ce a ajiye shi, ni zan riƙe miki.